Yadda Ake Gwada Illar Ƙurar Auduga a Huhun Ɓeran Masar

Ma'aikatan masaƙu sun daɗe da sanin wani ciwo da ke ɗaure musu ƙirji ranar Litinin, bayan hutun ƙarshen mako, sannan ya riƙa lafawa yayin da mako ke tafiya. Likitoci suna kiransa bisinosis. A 1984 masu bincike a Jami'ar Pittsburgh ta Amurka suka nuna cewa ɓeran Masar ma yakan yi irin wannan ƙuncin numfashi idan ya shaƙi ƙurar auduga, shi ya sa ya zama dabbar da aka fi amfani da ita a wannan gwaji.

Bayan samun izinin kwamitin kula da haƙƙin dabbobi, a fara da ƙurar kanta. A debo ta daga sashen sharce auduga na masaƙa, a tankaɗe ta har a samu mai laushin da zai iya kaiwa can cikin huhu. Kada a tsaya ga awon nauyinta kawai, domin ba zaren audugar ne ke yin ɓarnar ba. Abin da aka fi zargi shi ne endotoksin, dafin da ke jikin ƙwayoyin bakteriya masu zama a busassun ganyen da ke rungume da ƙwallon auduga. Ana auna shi da wani sinadari da ake samu daga jinin wani kaguwan teku, kuma ƙura biyu masu nauyi ɗaya suna iya shan bamban ƙwarai a yawansa.

Daga nan sai a raba dabbobin kashi biyu, kashi ɗaya ya shaƙi ƙura awa 6 a akwati mai na'urar busa ta, ɗayan ya shaƙi iska mai tsabta. Kafin a fara, a auna numfashin kowace dabba a ƙaramin akwatin da ke rubuta motsin iska, sau ɗaya a iskar ɗaki, sau ɗaya a iska mai kashi 10 cikin 100 na kabon-dayoksaid, wadda ke tilasta mata jan numfashi mai zurfi har aibin da ya ɓuya ya fito fili.

A nan ne mai gaggawa yake yin kuskure. Idan ya auna da zarar an fito da dabbar, ba zai ga illar duka ba, don ta fi tsananta wajen awa 18 bayan shaƙar. A lokacin ne za a ga ɓeran yana numfashi sama-sama, da sauri amma ba zurfi, kuma idan aka wanke huhunsa da ruwan gishiri za a tarar fararen ƙwayoyin jini da ake kira nutrofil sun cika hanyoyin iska.

A ci gaba har kwana 5, a huta kwana 2, a sake komawa. Illar takan ragu a tsakiyar mako, ta dawo a rana ta farko bayan hutu, kamar dai Litinin ɗin ma'aikata. Wanda ya ja gwajin har shekara guda sai ya duba yankan huhu a madubin likita, inda zai nemi kaurin bangon ƙananan jakunkunan iska.