Yadda ake koya wa yaro mai galahanga neman abu da hoto

Yaro mai galahanga (autism) da bai fara magana ba yana sane da abin da yake so, hanyar faɗa ce ba shi da ita. Shi ya sa yake jan hannun uwa zuwa madafa, in ba a gane ba ya yi ta birgima. Tsarin musayar hoto na PECS, wanda Andy Bondy da Lori Frost suka ɓullo da shi a jihar Delaware ta Amurka a 1985, yana ba shi hanya: ya miƙa hoto, a ba shi abin. A fara kai shi asibiti a gwada jinsa tukuna, domin matsalar kunne ma tana hana magana.

Ku yi kwana biyu kuna lura da abin da ransa ke biyawa sosai: biskit, ayaba, balan-balan ko wata motar wasa. Ku ɗauki hoton ainihin abin da waya, a kan farin zane, a wanke shi ƙarami, kamar santimita 5 kowane gefe. Zanen intanet ba ya kama da biskit ɗin gidanku, ku bar shi. In kuɗin lamineshan ya yi yawa, a manna hoton a kwali a naɗe da salatif, don dole zai sha yawu da tauna.

Sai an sami mutum biyu. Ɗaya ya zauna gaban yaron riƙe da biskit, ɗaya a bayansa, hoton kuma a tsakiya. Na gaba ya nuna biskit ɗin ya yi shiru. A nan ake iya ɓata aikin. Uwa ba ta iya jure shirun, sai ta ce "me kake so?" ko "ba ni hoton". Yaro mai galahanga yana riƙe abu daidai yadda aka fara koya masa, sai ya ɗauka tambayar nan ita ce farkon aikin. Bayan wani lokaci za ku iya tarar da ba ya taɓa hoton sai an tambaye shi, alhali abin da ake nema shi ne ya fara da kansa.

Don haka a jira sai ya miƙa hannu wajen biskit ɗin. A lokacin ne na baya zai kama hannunsa, ba tare da ya ce uffan ba, ya taimaka masa ya ɗauki hoton, ya miƙa, ya saki a tafin na gaba. Da zarar hoton ya taɓa hannu a ba shi nan take, a ce "biskit!" Ba a cewa ya maimaita kalmar kafin a ba shi. A gutsuttsura biskit ɗin ƙanana yadda guda ɗaya zai ba ku gwaji biyar ko shida, kuma kada a yi bayan ya ƙoshi. Na baya ya riƙa janye taimako daga ƙarshe: ya daina taimakon saki, sannan na miƙawa, sannan na ɗauka. Na gaba ma ya daina buɗe tafinsa tun kafin yaron ya ɗauki hoton.

Idan ya ƙware, a riƙa matsawa nesa, a juya masa baya, har ya saba tasowa ya ɗauko hoton ya nemo mutum. Uba da yayye da kaka duk su karɓa. Daga nan a sa hotuna biyu, na abin da yake so da na abin da bai damu da shi ba, kamar safa. In ya miƙa hoton safa, safar za a ba shi. Haɗa jimla da katin "ina so" sai ya bambance hotuna da dama ba kuskure.