Yadda ake dasa duman bakin teku har ya yi 'ya'ya

Akwai wata shuka mai yaɗo a kan rairayin bakin teku a ƙasashe masu zafi, masana na ce mata Ipomoea pes-caprae, wato ƙafar akuya da Latin, saboda ganyenta a tsage yake a baki kamar kofaton akuya. Dangin duman kada ce da dankalin Hausa, shi ya sa nake kiranta duman bakin teku. Gishiri baya kashe ta, zafin yashi baya ƙona ta, iska ta binne ta da rairayi ta sake ɓullowa, yaɗo ɗaya yana iya kai mita 30. Saiwarta ce ke riƙe tudun yashi kar iska da ruwa su tafi da shi.

Toh dasa ta ba wuya. Ka nemi wuri mai rana fetal, ba inuwa ko kaɗan, sama da iyakar inda igiyar ruwa ke tsayawa in teku ya cika. Ka yanko yaɗo mai gaɓa 3 ko 4, ka kwantar da shi a yashi ka rufe gaɓoɓin, ka bar kan a waje, don a gaɓar nan saiwa ke fitowa. Tsakanin wannan da wancan ka bar kamar mita 1. Ka riƙa ba ta ruwa makonnin farko, da ta kama shikenan ka ƙyale ta, taki ma ba ta damu da shi ba. In da iri zaka shuka, ɓawonsa tauri gare shi, don an yi shi ne ya yi ta yawo a kan ruwan teku bai ruɓe ba, sai ka ɗan goge gefe ɗaya da sanfefa ka jiƙa shi ya kwana.

Amma fa ga inda mutane ke yin kuskure, kuma wallahi abin na damuna. Sai mutum ya yanko duk dashensa daga uwa ɗaya, ya cika fili, fure ya yi ta fitowa gwanin sha'awa amma ba 'ya'ya, ya rasa dalili. Shukar nan ba ta karɓar ƙurar furen kanta, dole sai an kawo mata daga wata uwar daban, kuma duk yaɗon da ka yanko daga uwa ɗaya ai ita ɗin ce dai. Don haka ka ɗebo daga wurare masu nisa da juna, ka cakuɗa su wajen dashe.

Masu kawo ƙurar kuwa ƙwari ne, babbansu shi ne wannan ƙaton kudan zuman mai ƙugi da ke huda busasshen itace ya yi gida a ciki, Xylocopa. Je ka tsaya da sassafe ka gani, furen ya buɗe kamar mazurari, ruwan hoda ne cikinsa ya fi duhu, kudan ya cusa kai har ƙasa ya fito bayansa duk farin gari, ya wuce na gaba. Kafin la'asar furen ya yanƙwane, kwana ɗaya ne rayuwarsa, kenan in ba a ziyarce shi da safen nan ba ya tafi a banza.

Saboda haka kar ka kwashe busassun rassa da kututture na kusa da wurin, nan ne gidansu. Maganin ƙwari kam kar ma ka kawo shi. Tururuwar da kake gani a gindin furen da ganye ita ma barta, ruwan zaƙi shukar ke fitar mata a nan.

In barbara ta yi zaka ga ɗan ƙwanso kamar ƙwallo, ka jira ya bushe ya fara tsagewa, yawanci iri 4 ne a ciki masu gashi-gashi. Ka ɗebi kaɗan ka adana a busasshen wuri, sauran ka bar wa teku.