Ka jona faifai na biyu, kwamfuta ta ƙi tashi: inda ake yawan yin ɓarna

Jiya kwamfutar lafiyarta ƙalau. Yau wuri ya cika, ka kwance murfinta ka jona mata faifan ajiya na biyu, ka kunna, sai baƙin allo da ɗan rubutu: "Reboot and Select proper Boot device", ko "No bootable device". Yawancin irin waɗannan da ake kawo mini babu abin da ya ƙone, babu fayil ɗin da ya salwanta. Ɓarnar da nake tararwa mai kwamfutar ne ya yi ta da hannunsa bayan ya firgita.

Babban kuskure shi ne garaje. Mutum ya ga ta ƙi tashi, ya ɗauko filashin da ake saka Windows da shi, ya goge faifan da aikinsa na shekaru ke ciki. Kafin ka taɓa komai, kashe ta, zare wayar wuta daga bango, cire sabon faifan, ka sake kunnawa. In ta tashi, Windows ɗinka tana nan daram, rikicin daga baƙon ne. In ba ta tashi ba, duba wayoyin tsohon faifan. Sau da yawa hannu ne ya ture su garin cusa sabon. Faifan SATA, wato irin wanda ake jonawa da waya a cikin kwamfuta, wayoyi biyu gare shi: siririya mai haƙori 7 ta bayanai, da faffaɗa mai haƙori 15 ta wuta. Ɗaya ta ɗan goce, kwamfuta ba za ta gan shi ba.

Daga nan sai abin da ya fi kama mutane: jerin tashi. Kwamfuta tana da tsarin da take bi wajen neman Windows, wane faifai za ta fara tambaya, wanne ke biye. Da an ƙara sabo, wasu na'urorin sai su kai shi gaban layi, su nemi Windows a wurin da babu ita. Gyaran bai kai minti biyar ba. Kana kunnawa ka dinga danna maɓallin shiga BIOS, wato shafin saitunan kwamfuta da ake shiga kafin Windows ta tashi: F2 a Dell, F10 a HP, F1 a yawancin ThinkPad da ThinkCentre na Lenovo, Del ko F2 a kwamfutar haɗin hannu. Ka nemi sashen Boot. A na'urorin zamani masu UEFI, wato sabon nau'in BIOS, abin da za ka mayar sama shi ne "Windows Boot Manager", ba sunan faifan zalla ba. Nan mutane ke tuntuɓe: su ga sunan faifansu su zaɓe shi, ta sake ƙi, su yanke hukuncin ya mutu. In gwaji kawai kake so ba tare da ka sauya komai ba, F12 a Dell da Lenovo, ko F9 a HP, zai buɗe maka zaɓin tashi na sau ɗaya.

Lamarin ya fi rikicewa idan faifan na hannu ne, wanda aka ciro daga wata tsohuwar kwamfuta, kuma a wajenmu shi aka fi saya. Irin wannan yakan zo da tasa Windows a ciki. Sai na'urar ta tashi daga gare shi, ko dai ka tsinci kanka a Windows ɗin wani, ko ta watso maka shuɗin allo. Maganin dai shi ne jerin tashin nan. Bayan ka shiga taka lafiya, ka kwashe abin da kake so a cikinsa, sannan ka share shi gaba ɗaya, har da ƙananan sassan da ke ɓoye.

Amma tunda ka shiga BIOS, ka kama hannunka. Na sha ganin wanda ya je gyara layi ɗaya ya juya biyar. Abubuwa biyu ne ke jawo kuka. Na farko yanayin SATA, wato salon da kwamfuta ke magana da faifai, mai zaɓi irin su AHCI da RAID: in an saka Windows a kan AHCI ka mayar da shi RAID, ko akasin haka, za ta tsaya da saƙon INACCESSIBLE_BOOT_DEVICE. Dell da yawa a kan "RAID On" suke fitowa daga kamfani, don haka har umarnin mayar da BIOS yadda ya zo na iya haddasa wannan, idan wani ya taɓa sauya shi kafin a saka Windows. Na biyu, sauyawa tsakanin UEFI da Legacy, wato tsohon salon tashi. Windows da ke kan faifai mai GPT, sabon tsarin rarraba faifai, ba ta tashi a Legacy, wadda ke kan MBR, tsohon tsarin, kuma ba ta tashi a UEFI zalla. Ɗauki hoton kowane shafi da wayarka kafin ka taɓa shi, kuma abu ɗaya za ka sauya, ka gwada, kafin na gaba. Ga kuma BitLocker, makullin Windows da ke rufe bayanan faifai: in faifanka a kulle yake da shi, taɓa waɗannan saituna kan sa ya buƙaci mabuɗi mai lamba 48. Galibi yana ajiye a asusunka na Microsoft. Ka nemo shi tun kafin ka fara, domin in babu shi, ko mai gyara sai dai ya yi maka jaje.

Wuta ma tana da nata. Babban faifai mai inci 3.5 yana zuƙar wuta sosai a daidai lokacin da zai fara juyawa, kuma ƙananan kwamfutocin ofis akwatin wutarsu ba mai ƙarfi ba ne. Alamarsa: fanka ta juya ta tsaya, ko na'ura ta yi ta kunna kanta tana kashewa. Kada ka nemi tsira da wayar rabon wuta ta araha, wasunsu narkewa suke yi. In kuma akwatin wutarka mai wayoyin cirewa ne, kada ka ari waya daga na wani kamfani. Bakin zai shiga daidai, amma jerin wutar ciki ya bambanta, kuma wannan kam yana ƙona faifai nan take.

Idan abin da ka ƙara ɗan siririn faifan nan ne da ake kira M.2, duba littafin madabod ɗinka, wato babban allon da komai ke jone a kai a cikin kwamfuta. Akwai waɗanda da zarar an cusa M.2 sai su kashe wasu ramukan SATA. In tsohon faifanka a ɗaya daga cikinsu yake, matsar da wayarsa zuwa wani ramin da littafin ya nuna yana aiki kawai.

Masu kwafe faifai sukutum zuwa SSD, faifan nan mai sauri da ba ya juyi, su ma su kula: tashin farko, a bar sabon shi kaɗai a ciki. Biyun tamkar tagwaye suke masu lambar shaida ɗaya, Windows takan rikice ko ta ajiye ɗaya a gefe. Haka in za ka saka Windows sabuwa, zare kowane faifai sai wanda kake nufi. In ba haka ba tana iya ajiye ɗan sashen tashinta a ɗayan, ka zauna lafiya wata shida, ranar da ka cire shi ta ƙi tashi. Ana gyara wannan da umarnin bcdboot daga filashin Windows, sai dai wanda bai saba ba gara ya kai wa wanda ya iya.

Wani lokaci kuma faifan ne ba shi da lafiya. Kwamfuta ta maƙale a tambarin kamfani, kana jin ƙas-ƙas a ciki, ka cire shi ta tashi sumul. Gwada shi ta akwatin USB bayan Windows ta gama tashi. In akwai abu mai muhimmanci a ciki, daina kunna shi, kowane juyi ƙara ciwo yake.

In ta tashi amma ba ka ga sabon faifan a This PC ba, buɗe Disk Management. Sabo fil sai an yi masa "Initialize" an ba shi harafi. Zaɓi GPT, musamman in ya haura 2TB, don MBR iyakarsa ke nan. Amma in faifai mai kaya a ciki ne ya ce a yi masa hakan, danna Cancel ka cire shi.