Kurakuran da masu haihuwar fari ke yi bayan allurar Penta

Duk ranar da aka yi rigakafi a asibitin unguwarmu a nan Jos, kafin isha'i sai wata mai haihuwar fari ta yi mini sallama, jariri na tsala ihu a kafaɗarta, tana rantsuwar ba za ta sake kai shi ba. Na gaji da maimaita magana ɗaya a tsakar gida, shi ya sa na ga gara in rubuta.

Allurar da ake kuka da ita ita ce Penta, wadda Najeriya ta fara amfani da ita a 2012, ana kuma yin ta a cinya sau uku, a mako na 6 da na 10 da na 14 bayan haihuwa. Tana kare yaro daga mashaƙo, da tarin shiƙa, da tsinkau-tsinkau, da ciwon hanta nau'in B, da ƙwayar Hib mai haddasa sanƙarau da ciwon huhu. Zazzaɓi, kumburin cinya, rigima da rage kama nono na kwana ɗaya ko biyu abu ne da aka san tana kawowa, galibi saboda ɓangaren tarin shiƙa da ke cikinta.

Babban kuskure shi ne tsayawa a allurar farko, kuma ni kaina na tafka shi a kan 'yata ta fari. Daren da aka yi mata ba mu runtsa ba, da safe surukata ta ce, "Yarinya lafiyarta ƙalau, kun kai an sa mata ciwo." Na kasa musa mata, na jefa katin a ƙasan akwati. Tana wata biyar tarin shiƙa ya kama ta. Wanda bai ga jaririya tana tari a jere har numfashinta ya ɗauke, idanu su firfito, ta amayar da duk nonon da ta sha ba, ba zai gane abin da nake nufi ba. Mun kwanta a asibiti, tarin kuma ya ja mu makonni. Na guje wa zazzaɓin kwana biyu, na faɗa wahalar wata biyu. Saboda haka idan na ji uwa tana cewa tausayi ne ya hana ta komawa, raina ɓaci yake yi, domin allura ɗaya ba ta ba da cikakkiyar kariya, kuma mun ga yadda mashaƙo ya yi ɓarna a Kano a 2023, akasari a kan yaran da ba su kammala rigakafi ba. Idan ranar ta wuce ki, ki koma a ɗora daga inda aka tsaya, ba sai an faro daga farko ba.

Na biyu shi ne gasa cinyar da ruwan zafi, ko murza ta da Robb ko man shanu. Haba! Wurin da ya kumbura yana zogi, a kuma bi shi da matsa? Ni tsumma mai tsabta nake tsomawa a ruwa mai ɗan sanyi, in ɗora na 'yan mintuna. Ƙullutun da ke saura a wurin yakan baje da kansa ko da zai ɗauki makonni, amma idan ya yi ta girma ko ya tara mugunya, aikin asibiti ne. Haka nan mu mutanen Jos, saboda tsoron sanyi, mukan naɗe yaro mai zazzaɓi da hula da safa da bargo biyu, zafin ya ƙaru. Riga mara nauyi ta wadatar, a kuma yawaita ba shi nono.

Farasitamol na ruwa nake bayarwa bayan zazzaɓin ya zo, daidai awon da malamar asibiti ta faɗa bisa nauyin yaro. Kada a ɓallo masa na manya, kada a ba shi asfirin. Ampiclox na kemis ba shi da aiki a nan, jiƙo da ruwa kuma ba na jaririn da bai kai wata shida ba ne.

Akwai kuma masu ɗora wa allura komai, su zauna a gida alhali zazzaɓin cizon sauro ne ko wata cuta. Zazzaɓi mai tsanani ko wanda ya wuce kwana biyu, kukan da ya kai awa uku bai tsaya ba, jijjiga, ƙin nono gaba ɗaya, ko jikin yaro ya saki ya yi laƙwas, duk waɗannan ba a kwana da su a gida. Kumburin fuska da sarƙewar numfashi ba kasafai suke faruwa ba, kuma yawanci cikin mintuna suke bayyana, shi ya sa nake zama a bencin asibiti na rabin awa bayan allura, ko da mai Keke Napep yana jirana a ƙofa.