Lauyan sa-kai a zangon Kumasi: inda aka fi tafka kuskure a shari'ar iyali

Akwai matasan lauyoyi da ke zama kyauta a Asawase da Aboabo, suna sauraron matan da aka saka da marayun da ake neman cinye wa gado. Allah ya saka musu da alheri. Sai dai wasu kurakurai na yawan faruwa, kuma wanda ya zo neman taimakon ne ke kwana a ciki.

Babbansu shi ne ɗauka cewa tunda an ɗaura aure a masallaci, an biya sadaki, to hukuma ta san da shi. Dokar auren Musulmi ta Ghana ta ce a yi rajista cikin mako guda, da ango da waliyyin amarya da shaidu biyu da liman mai lasisi. Da yawa a zango ba su taɓa jin haka ba. Don haka fara da tambayar: "Hajiya, akwai takardar rajista?" In babu, kada ka ce mata ba ta da aure. Nemo shaidun ɗaurin auren tun suna raye, domin kotu na iya karɓarsa a matsayin auren al'ada.

Gado ya fi wuyar faɗa. Wanda ya rasu bai rubuta wasiyya ba, dokar PNDC 111 ta 1985 ce ke hawa kan dukiyarsa, ko da Musulmi ne. In gida ɗaya ya bari, gidan da kayan cikinsa na mata da 'ya'ya ne. A sauran dukiyar, mata na da kashi 3 cikin 16, 'ya'ya kashi 9. Wannan ya sha bamban da tumunin da malam zai ba matar. Lauyan da ya ɓoye haka don gudun ɓacin rai ya cuci iyalin, wanda kuma ya faɗa yana raina malamai, ba mai sake zuwa wurinsa. Zauna da liman, ka yi bayani da ladabi, sannan ka shawarci magidanta su rubuta wasiyya bisa dokar wasiyya ta 1971 in suna son rabon Musulunci.

Kada ka bar dangin miji su yi maka tafinta. Matar ba za ta faɗi komai ba a gabansu.

Sulhu alheri ne, amma in ta zo da tabon duka, kada ka mayar da ita da "ki yi haƙuri". Kai ta ofishin 'yan sanda na DOVVSU, sashen da ke kula da cin zarafi a cikin gida, ka nema mata umarnin kariya a kotu ƙarƙashin dokar hana cin zarafi a cikin gida ta 2007. Kuɗin ciyar da yara kuwa, kotun iyali ke yanke shi bisa dokar yara ta 1998.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne lauyan da ke karɓar ƙara fiye da ƙarfinsa, ranar zaman kotu a neme shi a rasa, alhali matar ta bar sana'arta ta biya kuɗin mota. In ba za ka iya ba, miƙa ta ga Hukumar Taimakon Shari'a ko FIDA, ƙungiyar lauyoyi mata, tun da wuri, da takardunta cikakku.