Yadda ake gyara ramin USB da ya daina gane abin da aka saka masa

Masu koyo da yawa kan direbobi, wato ƙananan manhajojin da ke sa Windows ya gane na'ura, suke fara faɗawa, tun ba su san mai laifin ba. Sai ka ga mutum ya sauko da manhajar gyaran direba daga intanet, wani ma ya sake ɗora Windows gaba ɗaya, alhali kebul ne ya mutu. Abu huɗu ake tuhuma: na'urar da ka saka, kebul ɗinta, ramin kansa, sai Windows a ƙarshe.

Ka fara da gwaji. Nemi linzamin kwamfuta mai waya wanda ka tabbata yana aiki, ka saka a ramin da kake zargi. In fitilar ƙasansa ta kama kuma kibiya ta motsa, ramin lafiyarsa ƙalau. In fitila ta kama amma kibiya ta ƙi motsi, wuta na zuwa, bayanai ne ba sa wucewa. In ba fitila ba motsi, wutar ce babu. Kada ka yi wannan gwajin da filash, don shi ma yana iya zuwa da nasa ciwon ya ƙara rikita ka.

A kan kebul aka fi shan wahala. Ramin USB 2.0 haƙora huɗu gare shi: biyun gefe na wuta, ɗaya mai bolt 5, ɗaya na mayar da wutar (ground), biyun tsakiya na bayanai. Akwai kebul masu arha da aka sa wa wayoyin wuta kaɗai, irin waɗanda kan zo tare da fitilar caji ko ƙaramar lasifika. Za su cika maka batir, amma kwamfuta ba za ta taɓa ganin wayarka ba, kuma da ido ba ka bambance su da na kirki. Saboda haka cewa "ai yana caji" ba shaida ba ce. Ka gwada kebul ɗin da ya zo da na'urar a kwali. In wayar Android ce, ka buɗe makullinta, ka jawo sanarwa daga sama ka zaɓi File transfer, don yawancinsu a kan caji kawai suke tsayawa.

Sai ƙarfin wuta. USB 2.0 miliamfa 500 yake bayarwa, USB 3.0 kuma 900, shi ne wanda galibi harshensa shuɗi ne. Ma'ajiya ta waje mai faifai a ciki, wato hard disk, in ba ta ƙoshi da wuta ba, za ka ji tana ƙas-ƙas, ta bayyana ta ɓace. Mayar da ita ramin shuɗi da gajeren kebul. A kwamfutar tebur ramukan baya ne abin dogaro, don a jikin babban allon cikin kwamfutar (motherboard) suke, na gaba kuwa ta siririyar waya suke bi, wadda kan zare daga mazauninta. Abin rarraba rami (USB hub) wanda ba shi da cajarsa, ajiye shi gefe tukuna.

Yanzu kashe kwamfutar, zare caja, ka haska cikin ramin da tocila. Ƙura da zaren aljihu kan dunƙule a can ƙarshe, musamman a USB-C, har kan kebul ya kasa shigewa. Tsinken sakace na itace ake sa wa, a hankali. Allura ko fil haramun ne a nan, ƙarfe zai iya haɗa haƙorin wuta da jikin ramin. In ka ga harshen robar ya karye ko haƙori ya lanƙwashe, ka daina amfani da ramin.

Sai a zo kan Windows. Danna Restart, ba Shut down ba, don tun daga Windows 8 akwai Fast Startup da ke adana halin da direbobi suke ciki ya dawo da shi. Bai yi ba? Kashe, zare caja, cire batir in mai fita ne, ka danne maɓallin kunnawa na daƙiƙa 30. Daga nan danna Windows da X, buɗe Device Manager, ka sauka zuwa Universal Serial Bus controllers. Duk mai alamar rawaya, irin Unknown USB Device ko Code 43, ka yi masa Uninstall device ka sake kunnawa, Windows zai mayar da shi da kansa. A kowane USB Root Hub, shiga Power Management ka cire alamar da ke ba kwamfuta izinin kashe shi don tanadin wuta.

In filash ya yi ƙarar shiga amma bai fito ba, duba Disk Management, sau da yawa harafin suna, irin E: ko F:, kawai ya rasa, sai ka ba shi. In aka nemi ka yi Format, kada ka amsa matuƙar akwai abin da kake so a ciki, don zai goge shi.

In ramuka duka sun mutu lokaci guda, leƙa BIOS, wato saitin kwamfuta da ake shiga kafin Windows ya tashi, ka ga ko an kashe su. In ɗaya ne kawai, kuma mitar auna wuta ba ta nuna kusan bolt 5 tsakanin haƙoran gefe ba, to fis ɗinsa ne ko dalmar ƙafafunsa ta saki, wannan kuma aikin mai gyara ne. In akwai wani ramin mai rai, abin rarraba rami mai cajarsa yakan fi sauƙin kuɗi.