Yadda za ka zagaya Pienza a yini guda

Pienza gari ne da za ka ratsa shi daga wannan ƙofa zuwa waccan cikin minti goma. Mazauna yankinsa duka ba su wuce dubu biyu da 'yan kai ba. Yana bisa tudu a lardin Siena na yankin Tuskani a Italiya, yana kallon kwarin da ake kira Val d'Orcia. Na ga motocin 'yan yawon buɗe ido suna sauke mutane a bakin ƙofa, su ɗauki hoto, su sayi cuku, kafin awa ɗaya sun wuce. Abin yana damuna, domin garin nan yini guda yake so a ba shi, kuma akwai tsarin da ya kamata a bi wajen ganinsa.

Da farko maganar zuwa. Jirgin ƙasa ba ya isa Pienza. Ko dai ka hau bas daga Siena, ko ka sauka a tashar jirgi ta Chiusi ka bi bas ta Montepulciano. Ranar Lahadi bas ɗin kan yi ƙaranci ƙwarai, don haka ka duba lokacin na komawa tun kafin ka tashi. Idan motar haya ka ɗauko, ajiye ta a wajen ganuwa. Allon da ka ga an rubuta ZTL a kansa yana nufin baƙo ba ya shiga da mota, kuma tara takan bi mutum har gida bayan watanni.

Ka isa kafin ƙarfe tara na safe. Shiga ta ƙofar Porta al Prato, ka bi titin Corso Rossellino. Ƙanshin cukun tumaki, wanda suke kira pecorino, zai tare ka daga shaguna dama da hagu. Daure ka wuce, za ka dawo masa. Miƙe kai tsaye zuwa dandalin tsakiyar gari, ka sami wurin zama a dakalin dutse da ke jikin bangon fada, kada ka shiga ko'ina tukuna.

Ga abin da kake kallo. A da sunan wurin Corsignano, ƙauye ne kawai. A nan aka haifi Enea Silvio Piccolomini a 1405, wanda ya zama Fafaroma Pius na Biyu a 1458. Shekara ɗaya bayan nan ya ɗauko magini Bernardo Rossellino ya ce ya sake masa fasalin mahaifarsa. Zuwa 1462 an gama babban coci da fada, aka sauya wa garin suna zuwa Pienza, daga sunan Pius. Maginin ya kashe kuɗi ninkin-ba-ninkin abin da ya ƙiyasta, amma da Fafaroman ya ga aikin, maimakon hukunci sai ya yi masa kyauta. Saboda wannan dandali ne hukumar UNESCO ta sa garin cikin wuraren tarihi na duniya a 1996.

Filin ƙarami ne, kuma dabarar maginin tana cikin yadda ya karkata gine-ginen gefe biyu. Fadar Piccolomini da fadar bishop ba a jere suke daidai ba, suna buɗewa ne yayin da suke nufar cocin. Sai fuskar cocin ta yi kamar ta matso gabanka, ta kowane gefenta kuma kana hango sararin sama da kwari. Je ka tsaya ƙarƙashin rumfar gidan hukumar gari, wanda ke fuskantar cocin, daga nan abin ya fi fitowa. Dubi ƙasa kuma: jan tubali ne da aka raba da layukan farin dutse. Sannan matsa kusa da rijiyar da ke gefen fada. A nan, da jikin gine-gine da yawa, za ka riƙa ganin tambarin gidan Piccolomini, gicciye mai ɗauke da jinjirin wata biyar.

Bayan haka sai coci. Ana son mai shiga ya rufe kafaɗu da gwiwoyi, kuma idan ana ibada a dakata a gama. Abin da ya fara kama ni a ciki haske ne. Pius ya zauna a ƙasashen Jamusawa kafin ya zama Fafaroma, can ya ga majami'u masu zaure uku da rufinsu yake tsayi ɗaya, ya ce irinsu yake so. Ya kuma kafa doka cewa kada a ɓata farin bango da ginshiƙai da zane. Hotunan da ya yarda da su alluna biyar ne na masu zanen Siena: Vecchietta, Sano di Pietro, Matteo di Giovanni da Giovanni di Paolo. Na fi daɗewa gaban na Vecchietta, wanda ke nuna ɗaukar Maryamu zuwa sama, saboda yadda ruwan zinariyarsa ke sauya launi idan ka ɗan gusa.

Yanzu taka a hankali zuwa wajen bagadi, ka bar ƙafarka ta gaya maka abin da ke faruwa. Daɓen yana gangarawa. An gina bayan cocin a kan gangaren tudu mai laka, kuma tun zamanin ginin yake zamewa kaɗan-kaɗan. Tsagar tana nan a daɓe, ta hau bango. Na durƙusa na sa yatsa a gefenta, wani dattijo mai kula da wurin ya zo ya nuna mini da hannu inda ta bi har sama, yana girgiza kai. Masu sauri suna taka ta su wuce ba su lura ba.

Fadar Piccolomini ce ta gaba. Da tikiti ake shiga, kuma ka tabbatar da ranar da suke rufewa, don gidajen tarihi da yawa a Italiya ba sa buɗewa ranar Litinin. Zuriyar gidan sun zauna a ciki har 1962, shi ya sa ɗakunan ke da kama da gidan da aka rayu a cikinsa: gadaje, makamai, ɗakin littattafai. Amma abin da aka gina fadar dominsa yana baya. Baranda ce hawa uku tana kallon kudu, ƙarƙashinta lambu mai shingen ganye da aka aske, bayansa kwari shimfiɗe har zuwa tsaunin Amiata. Kada ka yi gaggawar barin lambun nan.

Tsallaken dandali akwai fadar bishop ɗin nan, wadda aka ba Rodrigo Borgia, wanda daga baya ya zama Fafaroma Alexander na Shida. Yanzu gidan tarihi ne. Idan lokacinka kaɗan ne, nemi abu ɗaya: alkyabbar Pius, ɗinkin hannu na Ingila da zaren siliki da zinariya, cike da ƙananan hotunan mutane da tsuntsaye. Wanda ya san wahalar allura zai jima a gabanta.

Da azahar gari kan yi tsit, shaguna da yawa su rufe sai wajen ƙarfe uku ko huɗu. Lokacin cin abinci ke nan. Nemi pici, taliya mai kauri da ake murzawa da hannu, da miyar tumatir da tafarnuwa da suke kira aglione. Wanda ba ya cin naman alade ya tambaya kafin ya karɓi miyar nama. Wajen sayen cuku kuwa, ce a ɗanɗana maka sabo da wanda ya yi watanni, bambancinsu babba ne. A farkon Satumba ma har bikin cuku ake yi, ana gangara shi a dandali ana gasa.

Idan rana ta yi sanyi, fita ta ƙofar da ka shigo ka gangara da ƙafa, kamar minti goma sha biyar, zuwa tsohon cocin Pieve di Corsignano. Ya girmi duk abin da ka gani a sama da ɗaruruwan shekaru. Hasumiyarsa zagayayya ce, cikinsa duhu da sanyi, kuma kwamin dutsen da aka yi wa Pius baftisma yana nan kusa da ƙofa. A saman ƙofar shiga an sassaƙa wata halitta rabi mace rabi kifi, mai wutsiya biyu. Hanyar dawowa hawa ce, ka riƙe ruwa da takalmi mai kama ƙasa, ka kuma ƙara minti ashirin a lissafinka idan bas za ka tara.